Rim ya shiga, amma ya dace? Kafin ka canja wa motarka ƙafa

  Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi son su karanta a tsanake.

Yau maganar mota za mu yi, kuma maganar ƙafarta. Kun san yadda abin yake a tsakaninmu matasa. Da zarar Allah ya hore wa mutum 'yar Corolla ko Camry, ko Accord ɗin nan da ake ce wa EOD, abu na farko da abokai za su ce shi ne, "Mutumina, motar ta yi, saura ka sa mata ƙafa." Wato a cire rim ɗin ƙarfe da ya zo da ita, ko ƙaramin aloyi na kamfani, a ɗora babban rim mai ƙyalli. Idan Sallah ta matso ko lokacin bukukuwa ya kama, je ka Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, za ka ga yadda ake cinikinsa.

Ni ba na cikin masu cewa sa rim almubazzaranci ne. Mota kyakkyawa tana da daɗin kallo, kuma wanda ya sha wahala ya tara kuɗinsa yana da damar ya yi mata ado. Abin da ya dame ni kalma ɗaya ce da ake yawan faɗa a wurin ɗaurawa: "Oga, ai ya shiga." Shiga daban, dacewa daban. Rim zai iya shiga, a ɗaure notuna, ka tayar da mota ka tafi, alhali akwai kuskuren milimita ɗaya ko biyu da ido ba ya gani. Wannan milimitar ba ta magana a cikin gari. Sai ka hau titin Kano zuwa Zariya, kana gudun 110, iyalinka suna baya, sannan za ta faɗi abin da ke bakinta. Duk nauyin motarka da na mutanen cikinta a kan ƙusoshi huɗu ko biyar yake a kowace ƙafa. Shi ya sa na ce yau mu zauna mu koyi lambobin nan, don in ka je kasuwa ka san me za ka tambaya.

Mu fara da shi kansa aloyi, mene ne shi?

Rim ɗin ƙarfe, wanda ake rufe wa fuska da murfin roba, da tataccen ƙarfe ake buga shi. Shi kuwa aloyi yawancinsa alminiyom ne da aka gauraya da silikon da ɗan magnesiyom don ya yi ƙarfi. Alminiyom nauyinsa kamar kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, amma da yake sai an yi shi da kauri kafin ya ɗauki mota, ba lallai rim ɗin aloyi ya fi na ƙarfe rashin nauyi ba. Babban aloyi mai inci 18 sau da yawa ya fi rim ɗin ƙarfe mai inci 15 nauyi nesa ba kusa ba.

Hanya uku ake ƙera shi. Akwai na zubi, wanda ake narka alminiyom a zuba a cikin ma'auni ya daskare, kuma kusan duk wanda ke kasuwanninmu irinsa ne. Akwai wanda bayan zubin ake murza bangonsa da inji yana da zafi don ya ƙara ƙarfi ya rage nauyi. Sai na uku, wanda ake matse dunƙulen alminiyom da gagarumin inji sannan a sassaƙe shi. Wannan shi ne mafi ƙarfi, shi ne kuma mafi tsada.

Amfanin aloyi gaskiya ne: yana da kyau, ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, yana saurin fitar da zafin birki. Amma halinsa a gaban rami ya bambanta da na ƙarfe. Rim ɗin ƙarfe in ya daki rami lanƙwashewa yake yi, mai faci ya sa guduma ya miƙe shi, ka ci gaba da tafiya. Aloyi na zubi yakan lanƙwashe shi ma, amma yana iya tsagewa, wani lokaci ta ciki inda ba ka gani. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo maganar saye.

To, yanzu awo. Abu huɗu ne dole su dace tsakanin rim da motarka.

Na farko, ramukan ƙusa. Mutane suna ƙirga su kawai: huɗu ne ko biyar? Wannan rabin magana ne. Ka ɗauka an zana da'ira da ta ratsa tsakiyar kowane rami. Faɗin wannan da'irar shi ake kira PCD, kuma da milimita ake auna shi. In ka ga an rubuta 5x114.3, ana nufin ramuka 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3. Camry da Accord na shekarun da muka fi hawa duk 5x114.3 ne. Corolla 'yar Amurka daga 2003 zuwa 2008, da wadda ta biyo bayanta, 5x100 ce. Yawancin Mercedes 5x112. Peugeot 406 da 307 kuwa 4x108, ita kuma Golf 3 ta gama-gari 4x100.

Duba 112 da 114.3. Bambancinsu milimita 2.3 ne a faɗin da'ira, wato kowace ƙusa ta kauce da milimita ɗaya da 'yan kai. Wallahi rim ɗin zai iya shiga. Amma kowane noti da aka ɗaure zai zauna a karkace, yana jan ƙusarsa gefe. Kana tafiya ƙusar tana lanƙwasuwa tana dawowa a kowane juyi na taya, kamar yadda kake karya waya da hannu, ka lanƙwasa nan ka lanƙwasa can har ta gutsure. Wata rana ɗaya za ta karye, nauyinta ya koma kan sauran, su ma su bi ta. Haka taya ke fita daga mota tana gudu. Kuma idan wani ya ce maka zai kai rim ɗin wurin masu inji a faɗaɗa ramukan, ka ce masa ka gode. Wurin zaman noti ne zai cinye, kuma nan ne ƙarfin riƙon yake.

Na biyu, babban ramin tsakiya. A jikin motarka, inda taya ke zama, akwai wani ɗan baki mai da'ira da ya fito waje, bakanikai suna ce wa wurin hob. Rim yana hawa kansa ne don ya zauna daidai tsakiya kafin a ɗaure. Na Camry milimita 60.1 ne, na Accord 64.1, na Corolla ɗin da na ambata 54.1, na 406 kuma 65.1.

Ga misalin da ya fi faruwa a wurinmu. Camry da Accord ƙusoshinsu iri ɗaya ne, sai a ce ai rim ɗinsu ɗaya ne. Ɗauki rim ɗin Camry ka kai wa Accord: raminsa 60.1, bakin hob 64.1, ba zai zauna ya manne ba. Juya kuma, ka sa na Accord a Camry: zai shiga har da sarari, domin ramin ya fi bakin faɗi da milimita 4. Kamfanonin da ke ƙera rim na kasuwa sukan yi ramin da faɗi da gangan, misali 73.1, don ya shiga motoci da yawa. Maganin wannan wani ɗan zobe ne na roba mai tauri ko na alminiyom da ake sawa ya cike sararin, misali mai 73.1 ta waje da 60.1 ta ciki. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in ka kwatanta da kuɗin rim. In babu shi, rim yana iya zama a ɗan goce, sai ka ji sitiyari yana rawa daga gudun 80 zuwa sama. Za ka yi ta zaryar wurin balansin, kuɗi na fita, rawar tana nan, domin ba can matsalar take ba.

Na uku, faɗin rim da zurfin zamansa. Juya rim ɗin ka duba bayansa, za ka ga rubutu irin wannan: 7Jx17 ET45. Lamba 7 faɗinsa ne da inci, J siffar bakinsa ce inda taya ke kamawa, 17 girmansa. Ita kuma ET daga Jamusanci aka gajarto ta, tana gaya maka tazarar da ke tsakanin tsakiyar rim da fuskar da ke manne wa hob, da milimita. Ka riƙe shi a sauƙaƙe: in lambar ta yi sama, taya na shigewa cikin mota. In ta yi ƙasa, taya na fitowa waje.

Mu yi ɗan lissafi. A ce na kamfani faɗinsa inci 6.5, ET45. Kai kuma ka ga wani mai inci 7.5, ET35. An ƙara inci ɗaya, wato milimita 25.4, rabi ciki rabi waje, kusan 13 kowane gefe. Sannan ET ya tura shi waje da 10. Ka ga bakin waje ya fito da kusan milimita 23, na ciki ya matsa ciki da kusan 3. In motar ba kowa sai kai, ƙila ba za ka ji komai ba. Ranar da ka ɗauki mutum huɗu da buhun shinkafa a but, ka hau tudun rage gudu, sai ka ji ƙurrr, taya na gogar madigadi. Gogar nan yanka gefen taya take yi a hankali. In kuma ya shige ciki da yawa, shokozoba zai taɓa, ko hannuwan rim su goga kalifar birki.

Akwai masu son taya ta fito waje sosai, motar ta buɗe ƙafa kamar ɗan dambe. Ku sani fitar da taya nesa da inda injiniyoyi suka ajiye ta yana ƙara wa boris wahala, kamar bambancin ɗaukar bokitin ruwa a jikinka da ɗaukarsa ka miƙe hannu. Boris zai riƙa mutuwa da wuri, sitiyari ya riƙa fizga in ka taka birki ko ka faɗa rami. Shawarata, kada ka yi nisa da lambar kamfani fiye da 'yan milimitoci.

Na huɗu, kuma shi aka fi rainawa, noti. Ɗauki notin motarka ka kalli gindinsa, inda yake taɓa rim. Iri uku ne. Akwai mai tsini kamar mazurari, wanda yawancin rim na kasuwa ke buƙata, kusurwarsa digiri 60. Akwai mai gindi zagaye kamar rabin ƙwallo, shi ne na Honda. Akwai kuma mai shimfiɗaɗɗen gindi da wasa, wanda Toyota ke sa wa aloyinta na kamfani. Yanzu ka sayo sabon rim mai wurin zama irin na mazurari, yaron shago ya ɗauko tsofaffin notunan Honda ya ɗaure. Zagaye a cikin mazurari, a siririn layi kawai za su haɗu. Zai yi kamar ya ɗauru tamau, bayan 'yan kwanaki alminiyom ya ɗan lotsa, noti ya saki.

Haka zaren ƙusa. Toyota da Honda 12x1.5 suke amfani da shi, Nissan kuwa 12x1.25. In noti ya ƙi tafiya da hannu tun farko, kada a tilasta shi da sifana, zaren ake ci. Sannan aloyi ya fi ƙarfe kauri, don haka ƙusar da ta rage a waje tana gajarcewa. Ƙa'idar ita ce noti ya ci zare aƙalla daidai kaurin ƙusar. Ƙusa mai milimita 12 da zare 1.5, lissafi ya ba ka juyi 8. Ka ƙirga da kanka. Masu Mercedes, Peugeot da Volkswagen, ku naku ba noti ba ne, ƙusar ce gaba ɗaya ake murzawa cikin hob, don haka tsawonta ma sai an duba. Gajeriya ba ta kama ba, doguwa ta wuce ta taɓo kayan birki a ciki.

Yauwa. Mun gama da rim, mu zo ga taya, domin ba a canja ɗaya a bar ɗaya.

In ka ƙara girman rim, dole gefen taya ya rage tsawo, don tsayin ƙafar gaba ɗaya ya tsaya yadda yake. Ɗauki 195/65 R15, tayar da Corolla da yawa ke zuwa da ita. 195 faɗinta ne da milimita. 65 na nufin tsawon gefenta kashi 65 cikin 100 ne na faɗin, wato kusan milimita 127. Rim inci 15 milimita 381 ne. Haɗa 381 da 127 sau biyu, ka samu kusan 635. Wannan ita ce lambar da za ka kare. In ka koma inci 16, 205/55 R16 tana ba ka 632. In ka je 17, 215/45 R17 tana ba ka 625. A 18 kuwa, 225/40 R18 tana ba ka 637. Abin da aka saba bi shi ne kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100. In ya wuce, malejinka zai fara yi maka ƙarya. Da doguwar ƙafa, allura tana nuna 100 kai kuma ka wuce haka. Ita ma na'urar ABS da juyin taya take lissafi.

Amma ku kalli abin da ya faru da gefen tayar a wannan lissafin. A inci 15 yana da milimita 127. A 16 ya koma 113. A 17 ya zama 97. A 18 saura 90. Wannan robar da iskar da ke cikinta su ne katifar da ke tsakanin rim ɗinka da bakin rami. Hotunan motocin da muke gani a Instagram, masu taya siririya kamar an shafa wa rim baƙin fenti, a titunan Dubai da Jamus aka ɗauke su. Kai kuma unguwarku ka san yadda take bayan damina. Rami ɗaya ya isa ya matse siririyar taya a jikin rim, gefenta ya yi ƙulu, ko bakin rim ya lotsa iska ta riƙa zurarewa. Taya mai ƙulu kuwa ba ta da gyara, zarurrukan cikinta ne suka tsinke, fashewa take jira.

Ga kuma mai. A 2010 mujallar motoci ta Amurka, Car and Driver, ta gwada Volkswagen Golf guda da rim daga inci 15 har zuwa 19. Riƙon titi a kwana ya ƙaru da aka sa manyan, wannan gaskiya ne. Amma daga 15 zuwa 19 tafiyar da motar ke yi da litar mai ta ragu da kusan kashi 10 cikin 100, kuma tashinta ya yi nauyi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ba sai na gaya wa kowa ma'anar kashi 10 a aljihu ba. Ƙara da cewa tayar inci 18 ta fi ta 15 tsada, kuma in ta fashe maka a ƙaramin gari a hanya, samun irinta aiki ne. Ni dai a ganina, a titunanmu, ƙarin inci ɗaya a kan na kamfani ya wadatar. In ka matsa, biyu. Abin da ya wuce haka kana sayen kyan hoto ne da kuɗin shokozoba.

Kada ka manta da lambobin ƙarshe a jikin taya, irin 91H. 91 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 615, 95 kuma kilo 690. H na nufin iyakar gudunta 210, V kuma 240. Kada ka sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Shi ma rim yana da iyakar nauyinsa, kuma masu kirki sukan buga shi a baya. Masu Sienna da Sharan da ake lodi har sama, wannan maganar taku ce musamman.

To, ka shiga kasuwa. Me za ka duba?

Za a nuna maka kashi biyu: sabbi fil a kwali, da 'yan Beljiyam, wato waɗanda aka ciro daga motocin waje. Kada ƙyalli ya ruɗe ka. Sau da yawa tsohon rim na kamfani, wanda aka ciro daga mota irin taka, ya fi sabon da ba a san wanda ya ƙera shi ba, domin awonsa na motarka ne tun asali. A bayan rim nagari za ka ga girma, ET, sunan maƙeri, da tambarin gwaji. JWL da VIA na Japan ne, lambar KBA kuma ta hukumar Jamus ce. Gaskiya masu jabu suna kwaikwayon tambarin, don haka ganinsa bai isa shaida ba. Amma rim ɗin da babu rubutun komai a bayansa, ko ET babu, ajiye shi. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

In ɗan Beljiyam ne, sa a wanke shi, ka fito da shi rana. Duba bakin ciki, domin can ne ya fi lotsawa. Duba gindin kowane hannu da kewayen ramukan ƙusa, ko akwai siririn layi kamar gashi. Shafa hannunka ta ciki, in ka ji tudu ko wurin da aka goge aka sake fenti, walda ce. Alminiyom ɗin rim an gasa shi ne a ma'aunin zafi na musamman don ya yi ƙarfi, wutar walda kuma tana kashe wannan ƙarfin a kewayen wurin. Rim mai walda a hannu ko kusa da ramin ƙusa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Daga nan ka sa a ɗora shi a injin balansin shi kaɗai ba taya, a juya shi, ka tsaya ka kalla. In yana rawa za ka gani da idonka. Kuma ka tabbata duk huɗun faɗinsu da ET ɗinsu ɗaya ne, domin akan haɗa masu kama da juna a sayar a matsayin saiti.

Tayar da za a haɗa maka da ita ma ka duba shekarunta. Bayan rubutun DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗi kan tsofaffin tayoyi, domin roba tana bushewa ko da zanenta bai cinye ba. In kuma ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, tayar da aka yi wa lokacin sanyin Turai ce. Kwaltar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba wurinta ba ne.

Ranar ɗaurawa, kada ka miƙa makulli ka tafi shan shayi. Tsaya a wurin. Kafin a sa taya, a fara gwada rim ɗin tsirara a ƙafar gaba, a juya shi da hannu, a ga bai taɓa kalifa ba. Wannan zai ba ka damar mayar da shi tun bai ƙwarzane ba. A goge tsatsar fuskar hob da burushin waya, domin ɗan datti a nan yana hana rim kwanciya daidai. A sa sabon bawul. In motarka 'yar Amurka ce daga samfurin 2008 zuwa sama, sau da yawa akwai na'urar auna iska a jikin bawul ɗin kowace taya, domin doka ta wajabta tsarin lura da iskar taya a can. A ciro su a hankali a mayar cikin sabon rim, in ba haka ba fitilar taya za ta zauna a kunne a dashbod. Wajen balansin, a yi amfani da dalma mai mannewa ta ciki, ba wadda ake bugawa a baki ba.

Notuna kuma da hannu ake fara su, dukkansu. Kada a shafa wa zaren mai ko giris. A ɗaure su a tsallake, wannan sannan na gabansa can, kamar kana zana tauraro, don rim ya kwanta daidai. Sai babbar magana: ƙarfin ɗauri yana da awo. Na Corolla da Camry 103 Nm ne, na Accord 108 Nm, kuma yana cikin littafin motarka. Akwai sifana mai awo da ke yin ƙas in an kai lambar. Abin da muka saba gani shi ne a zura dogon bututu a wil sifana, ƙato ya hau ya yi tsalle, ko a sa bindigar iska har sai ta gaji. Mutane suna ganin hakan shi ne tsaro. Ƙusa kuwa in aka ja ta fiye da ƙima miƙewa take yi ta rasa ƙarfinta, faifan birki ma yana iya karkacewa. Ka nemi wurin da ke da sifanar awo, ko ku haɗa kuɗi da abokai ku sayi guda.

Ka ce wa mai aikin, cikin girmamawa, "Maigida, don Allah a yi min da ta awo." In ya ce shekara ashirin yana wannan aiki taya ba ta taɓa fita ba, ka ce, "Na yarda, Maigida, amma a taimaka." Babu faɗa a ciki. Mutanen nan sun san aikinsu, yawanci kayan aikin ne babu, kuma in masu mota suka riƙa tambaya za su saya.

Kafin ka bar wurin, a sauke mota, a murza sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a leƙa a ga ba inda ke goga. Bayan ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, ka koma a sake bin notunan, domin sabon aloyi yakan ɗan zauna. Wannan matakin minti biyar ne, kuma shi aka fi tsallakewa. In a hanya ka ji ƙwas-ƙwas daga ƙafa, ko rawar da ba ka saba ji ba, tsaya a gefe nan take ka duba. Kada ka ce bari in ƙarasa gida.

Sai sifiya. Yawancinmu sifiyarmu tana kan rim ɗin kamfani, sababbin notunanka kuma ƙila ba su dace da ita ba. Ka zuba tsofaffin notuna biyar a leda ka ajiye a but. Ka gwada wil sifanarka a sabon rim tun kana gida, domin wasu ramukansu matsattsu ne, kan sifanar ba ya shiga. In ka sa notin hana sata, makullinsa ya zauna a cikin mota kullum. Tsofaffin rim ɗinka ma kada ka yi saurin sayar da su, ka bari sai ka yi wata guda kana jin daɗin sababbin.

'Yan uwa mata masu mota, ku ma da ku nake. In ƙaninki ko maigida ya ce zai kai motar a sa mata ƙafa, ki tura masa wannan rubutun, ki ce ya dawo miki da amsar lambobin nan: PCD, ramin tsakiya, ET, irin noti, da girman taya. Biyar ne kacal, ana iya rubuta su a bayan katin waya.

Wanda duk zai je kasuwa a wannan satin, ya fara buɗe ƙofar direba ya ɗauki hoton takardar nan, ya ciro sifiya ko ƙafa ɗaya ya ɗauki hoton rubutun bayan rim. Da waɗannan hotuna biyu a wayarka, ciniki ya canja, domin mai shago ya san ka san abin da kake nema.

A nan za mu dakata. Ku rubuto mana irin motarku da girman rim ɗin da kuke hawa a kai, da yadda yake yi muku a titunan garinku. Bakanikai da masu faci da ke bibiyarmu, muna son jin ta bakinku, ku ne a cikin aikin kullum. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kai mu gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.